Shekarar da Gauraka ya sauka ƙasa

Tun ranar da kuka buɗe tsohuwar jakata kuka fito da takardun Gauraka ban huta da tambaya ba. Me ya sa yake tashi sama a fitowa tara na farko, daga ta goma kuma sai tafiyar ƙasa da hawan keke har labarin ya ƙare? Na kuma ji abin da Baba Garba yake faɗa a majalisa, wai hannuna ne ya gaji da zana riga tana kaɗawa a iska. Garba aminina ne tun muna yara, amma wannan zance nasa shaci-faɗi ne, kuma ya sani sarai. To ku gyara zama ku ji daga bakin mai abin, tun ina da sauran haƙoran faɗa.

A lokacin ina saurayi, ina da 'yar rumfa a Ƙofar Kwaya inda nake rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Wata rana wani direba ya kawo mini littattafan zane na Turawa daga kudu, irin waɗanda jarumi ke tashi sama da mayafi ɗaure a wuya. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na yi kwana uku ina juya shafukan nan, abinci ma sai an yi mini magana. Na ce wallahi mu ma Katsina ai ba mu rasa sama ba! Na zauna na ƙirƙiro nawa. Sunansa Ilu, mai gyaran keke ne a Ƙofar Sauri, siriri, da tabo a kumatun hagu, ya gaji wata rigar saƙi wurin kakansa. Da ya sa ta sai ya tashi, shi ya sa mutanen gari suka laƙaba masa Gauraka. Garba yana da wani tsohon injin juya takarda da ya saya a gwanjo. Ni in karce zanen da tsinken ƙarfe a kan sitansil, wata takarda ce mai laushi da tawada ke bi ta cikin karcen, shi kuma ya yi ta juya hannun injin, tawada har gwiwar hannu. Maganganun da ke fita daga bakin mutanen labarin kuwa Yaya Hadiza ke rubutawa, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta.

Ranar da na kai mata zanen farko, Gauraka ya buɗe hannuwa a kan birni, na miƙa mata. Ta duba, ta sake dubawa, ta ajiye a cinya.

"To, ta ina zai bi?"

"Ta sama mana, Yaya. Sama ai ba ta da hanya."

"Sama ba ta da hanya, amma tsakar gidan mutane ba ta da rufi. Matan aure na daka, wata na wanki da ɗaurin ƙirji, sai ga ƙato bisa kansu? Wannan ba jarumi ba ne, Sani, ɗan leƙe ne."

A nan take ta kafa dokar da ta zama ƙashin bayan labarin: Gauraka ba ya ƙetare katangar gidan kowa. Titi yake bi ta sama, in lungu ya karkata shi ma ya karkata, kuma ba ya kai tsayin da idonsa zai faɗa cikin gida. In ɓarawo ya dira gidan mutane, sai ya sauka a ƙofar zaure ya ce, "Salamu alaikum, a yi mini sallama da maigida." Na ɗauka wannan doka za ta kashe labarin. Ina! Ita ta raya shi. Ku zo ku ga teburin mai shayi ranar da sabuwar fitowa ta iso. Mutum ɗaya na karantawa, goma na leƙe ta kafaɗarsa, ana ihu, "Kai, dira mana! Zai tsere ta bayan gida!" Shi kuwa Gauraka yana tsaye yana gaisawa da maigida, ina gajiya, yaya iyali, yaya muka ji da zafi. Amma da yake mai gyaran keke ne, ya san kowane lungu da inda yake ɓullewa, ɓarawo na fitowa ta ƙofar baya sai ya tarar da shi yana jira. Sai majalisa ta kece da dariya har shayi na zuba.

Wannan kunya tasa ce ta buɗe mana gidaje. Inna Tabawa, dillaliyar da ke shiga gida-gida da atamfa da turare, ita ta fara cusa takardun a cikin ƙunshinta. Magidanta suka karɓa suka duba, suka ga ba abin da zai ɓata tarbiyya, suka ce a bari ya shiga. Kafin a jima matan kulle sun fi maza karanta shi, wadda ba ta yi boko ba 'yarta ta karanta mata. Ba sa ma kiransa da suna gatsau, sai dai Malam Gauraka. Kuma kada ku ga mutanen nan, ba sa mantuwa. A fitowa ta huɗu na yi kuskure na sa tabon a kumatun dama. Mai shayi ya hana ni zama a bencinsa sai na faɗa masa ko tabon tafiya yake yi, Inna Tabawa kuma ta kawo mini saƙon gida shida a kan maganar. Yaya ta fi kowa tsanani. In na sa wa Ilu wata magana ta alfahari sai ta ja layi a kai ta ce, "Ilu ba zai faɗi haka ba." Na taɓa hasala na ce mata ni na haife shi ko ita. Ta ce na haife shi, amma ita ta yi masa tarbiyya.

Ana nan sai ga shekarar da soja suka ce za su miƙa wa farar hula mulki. Tabɗijam! Gari ya ɗauki zafi. Motoci da lasifika, maroƙa, tutoci, kowa ya zama ɗan siyasa har mai sayar da rake. Mu masu fenti kuwa kakarmu ta yanke saƙa, kowace jam'iyya na son alamarta a bango mafi tsawo a unguwa. Na sayi tsani mai hawa biyu, na yini a kai, yau wannan jam'iyya gobe waccan, ba ruwana da ta wa za ta ci. A daidai lokacin ne Yaya ta tafi Daura zaman jego wurin ƙanwarmu. Ta ce in jira ta kafin fitowa ta tara. Na ce to, a raina kuwa ina cewa wannan karon za a ga aikin uban yaro shi kaɗai.

Akwai wani attajirin fata kusa da hasumiyar Gobarau, Alhaji Isiyaku, da ya yarda a zana alamar jam'iyyarsu a doguwar katangar gidansa. Kun san al'ada, ko magini ne zai hau soro sai an aika cikin gida da maƙwabta a ce za a hau bisa, mata su kimtsa. Ranar farko na aika, aka ce in hau, na gama aikina ban ɗaga ido ba. Washegari da hantsi ina wucewa sai na ga fenti ya zubo ya ɓata harafi guda a can sama. Na ce aikin ƙiftawar ido ne, ba sai na tayar da mutane ba. Na jingina tsani na haye. Ina kaiwa ƙarshe kaina ya wuce katanga, sai ga tsakar gidan gaba ɗaya shimfiɗe a ƙasana. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Shekara da shekaru ina zana mai tashi, ban taɓa ganin gida daga sama ba. Ga bishiyar rumman da inuwarta zagaye, ga bakin rijiya, ga wani turmi da ya tsage an ɗaure shi da waya, ga wata tsohuwa zaune a tabarma tana tsintar wake, kanta ba kallabi, furfura fari fat. Ba ta gan ni ba. Na sauko cike da murna. Ko tsanin ban mayar gida ba na zauna na karce gidan a sitansil har da tsohuwar, rabin shafi guda, Gauraka ya yanke ta saman gidan yana bin wani ɓarawon keke. Dokar Yaya ta faɗo mini a rai, na ce haba, sau ɗaya dai, zanen ya yi kyau da yawa.

Maza suka yi wawarsa. Mai shayi ya manna shafin a jikin allonsa, Garba ya sake juya wasu har hannunsa ya yi kanta. Kwana biyu ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa. A na uku sai ga Inna Tabawa a rumfata, ko gaisuwa ba ta tsaya mun gama ba, ta zube ƙunshin takardun a gabana.

"Ungo kayanka. Wanga gidan wa ne?"

"Gidan labari ne, Inna."

"Gidan labari! Turmin nan mai waya wace mace ce a Gobarau ba ta yi daka a cikinsa ba ran biki? Ga rumman, ga Hajiya Dije, uwar Alhaji Isiyaku, ka fitar da ita duniya ba kallabi. Mi ta yi maka?"

Ta ce gida-gida aka riƙa mayar mata da takardun, wasu magidantan har sun ce kada ta sake shigo da su. Ta ce mata na faɗin abu biyu: Malam Gauraka da suka amince masa ya leƙa, kuma wanda ya zana shi ya riga shi leƙawa. Ta ɗauki kayanta ta tafi, ta bar ni da tulin takarda da kunyar da ban san inda zan sa ta ba.

Garba ne ya zo da dabara, kuma wallahi da na ji ta sai da na yi tsalle. Ya ce a fitowa ta goma mu nuna cewa ba Gauraka ba ne, wani mugu ne ya sace rigar ya yi shigarsa don ya ɓata masa suna. Gauraka na gaskiya ya kama shi, a kware masa fuska a tsakiyar kasuwa, shi ke nan kowa ya huta. Ya ce Turawan ma haka suke yi in sun kwafsa. Na fara zane ke nan Yaya ta dawo daga Daura. Labari ya riga ni isa kunnenta tun a tasha. Ta saurari dabarar har ƙarshe, sannan ta ɗauko fitowa ta biyu ta buɗe mini.

"Karanta nan. Mun ce rigar ba ta tashi da kowa sai jinin kakan Ilu. Ka manta, matan Gobarau ba su manta ba. Ga kuma tabonsa a hagu, ka zana shi raɗau."

"Sai mu ce yana da ɗan'uwa da ya ɓace."

"Kai ma ɗan'uwanka ne ya sa rigarka ya hau tsani?"

Na jefar da tsinken zane, na ce ta riƙe tarbiyyarta, na fice. Kwana biyu ban ci tuwon gidanmu ba. Na zauna a rumfa na ce zan gama shi ko ba ita. Komai ya tafi daidai har na iso wurin da Gauraka zai tsaya gaban jama'a ya ce, "Ba ni ba ne." Na zana fuskar, ta fito ta wani. Na sake, ta fito ta wani maƙaryacin dillalin mota da na sani. Sitansil huɗu na ɓata. A na biyar sai na ji bakina da kansa yana cewa, Ilu ba zai faɗi haka ba. Na tattara kayana na koma gida, na tarar da Yaya tana gyaran littattafan ɗalibanta. Ta matsa mini wuri a tabarma.

Mu biyu muka yi fitowa ta goma, kuma har gobe ita ce abin alfaharina. Ba faɗa a ciki, ba gudu. Ilu ya taho da ƙafa tun daga Ƙofar Sauri, rigar a ninke bisa hannuwansa, jama'a na kallo. Ya yi sallama a zauren gidan da ya ƙetare, ya durƙusa, ya ce wa tsohuwar, "Hajiya, na keta miki haddi saboda keke. Ga rigar, ki riƙe ta har ranar da kika ga na cancanta." Garba ya karanta ya dafe kai ya ce mun yanke wa tsuntsu fiffike. Na ce ya kwantar da hankalinsa, fitowa ɗaya ce tak, a ta sha ɗaya za a mayar masa da rigar, har na riga na tsara shafin da zai tashi daga gindin hasumiya jama'a na kabbara. Babanmu kuwa ya duba takardar ya ce, "Shi ya je. Kai fa?" Bayan la'asar ya sa ni gaba har zauren Alhaji Isiyaku.

Aka yi gaisuwa mai tsawo. Baba ya faɗi abin da ya kawo mu, na durƙusa na faɗi nawa ba ragi. Alhaji ya karɓi takardar ya shiga ciki. Mun jima muna jira, sai ga takun sanda. Hajiya Dije ce da kanta, lulluɓe da mayafi, takardar a hannunta.

"Kai ne mai tsani?"

"Ni ne, Hajiya. A gafarce ni."

"Kai na yafe maka, ƙuruciya ce. Sai dai ka ƙara mini furfura, tawa ba ta kai haka ba."

Alhaji ya yi dariya, Baba ya yi, ni kuwa na ji kamar an sauke mini buhun gero. Har na fara godiya sai ta ɗaga hannu.

"Shi kuwa Malam Gauraka babba ne, ya san abin da shike yi. Ya ce in riƙe riga, na karɓa. Tana wurina."

Ta juya ta shige. A hanya nake ce wa Baba ai wasa take yi. Ya ce shi bai ga alamar wasa ba.

Gidaje suka sake buɗewa, har fiye da da. Inna Tabawa ta ce akwai matar da ta yi kuka a wurin durƙuson nan. Amma maganar Hajiya ta zaga Gobarau kafin magariba, kowace mace ta san riga na hannunta. Yaya ta ce ba yadda za a yi Gauraka ya tashi sai ta bayar, in ba haka ba mun mai da shi ɓarawon ajiyarsa. Na yarda. Duk lokacin da za mu fara sabuwar fitowa sai in ce wa Inna Tabawa ta tambayo mini Hajiya ko lokaci ya yi. Ta dawo ta ce, "Ta yi dariya, ta ce tukuna." Aka yi zaɓe, aka rantsar da farar hula, fentin da na shafa a bango ya fara koɗewa, amsar ba ta canja ba. Maza suka gaji. Mai shayi ya ce shi in keke yake son gani zai leƙa titi. Garba ya koma buga takardun 'yan siyasa, sai na roƙe shi yake juya mana namu. Yaya ta yi aure ta koma Funtua, na ci gaba ni kaɗai. Kuma kada ku raina Gauraka na ƙasa. Ku duba fitowar da ya bi masu satar shanun Fulani ta Ƙofar Sauri a kan keke mara birki, ni kaina ina zanawa ina ihu. Mata sun riƙe shi da hannu biyu. Amma ni raina na kan shafin nan na tashi, yana ajiye, ina ta aike.

Damina biyu bayan haka Hajiya Dije ta rasu. Ranar sadakar bakwai, da jama'a suka ragu, Alhaji Isiyaku ya kira ni gefe cikin zaure. Ya ce da ma mutane kan ba ta ajiya, kuma kafin ta cika ta faɗi mai kowane ƙulli da ke adakarta, duk an mayar, saura ɗaya. Ya miƙo mini wani ɗan tsumma mai ƙamshin turare. Na kwance. Rigar Gauraka ce, ta yanke ta da almakashi daga shafin fitowa ta goma, a ninke kamar yadda na zana ta.

"Duk fitowa sai ta sa jikokinta sun karanta mata," in ji Alhaji. "Kafin a fara sai ta ce a duba mata ko ya zo."

"Wa, Alhaji?"

"Malam Gauraka. Ta ce aike kuke ta yi mata. Mutumin da ya kawo riga da ƙafarsa ya durƙusa, ba zai turo dillaliya karɓa ba. Ta ce ranar da ta gan shi a takarda ya yi sallama a zaurenta, ranar za ta ba shi."

Na zauna a ƙasa. Shafi ɗaya ne fa, 'ya'yana. Ilu ya jingine kekensa, ya yi sallama, ya durƙusa ya tambaya. Aikin rabin yini ne. Shekara biyu tsohuwar nan tana jiransa, ta san halinsa, ni da na haife shi ina zaune a rumfa ina aike. Na yi kuka a zauren nan, ban ji kunyar kowa ba.

Alhaji ya tausaya mini. Ya ce in zana shi ya zo, shi zai ba shi a madadin mahaifiyarsa, ba wanda zai ce komai.

Na naɗe 'yar takardar a tsummanta na miƙa masa.

"Ita ya ce wa ta riƙe, Alhaji. A mayar cikin adakar."